Tsuntsu Ba Ango Ba Ne

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin mai hoto ya san yadda abin yake. Mutum zai ci ado, ya karya hula, a zaunar da shi bisa kujera, a ce ya ɗaga haɓa, ya ɗaga, a ce ya yi murmushi, ya yi. In hoton bai fito ba a sake. Haka ake yi da ango, haka ake yi da amarya da ƙawayenta, har ma da manyan mutane waɗanda ba a saba ba su umurni ba. To, akwai wata halitta guda wadda ba ta san wannan ladabi ba, ita ce tsuntsu. Ba ya zama inda aka so, ba ya waiwayowa in an kira shi, kuma da zarar ya ga an ɗaga wani baƙin abu an nuna shi sai ya yi sama, domin a saninsa abin da ɗan Adam ke nunawa bai wuce danƙo ko bindiga ba.

Wannan hali na tsuntsu shi ne tushen wahalar masu ɗaukar hotonsa, shi ne kuma dalilin da ya sa kayan wannan aiki suka yi fice wajen tsada da nauyi. Abin da mai saye ke zuba wa kuɗi ita ce tazara, watau ratar nan da ke tsakaninsa da reshen da tsuntsun ya sauka.

Bari mai karatu ya ɗan yi haƙuri da lissafi kaɗan, gama in babu shi maganar ba za ta zauna ba. Kyamarar masu sana'a kashi biyu ce. Akwai akwatin, inda hoton ke sauka, akwai kuma gilashin da ake ɗaura masa a gaba, wanda ake iya cirewa a sa wani. Ƙarfin jawowar gilashi da milimita ake auna shi, kuma mai milimita 50 yana nuna abu kusan yadda idon mutum ke ganinsa. A ɗauki jan baki, ɗan tsuntsun nan da manoman gero da shinkafa ke kwana da baƙin cikinsa, wanda tsawonsa kamar santimita 12 ne. In yana can nesa da mita 10, gilashi mai 50 zai zana shi cikin akwati da tsawon da bai kai milimita ɗaya ba, alhali kuwa faɗin wurin da hoton ke sauka, a babbar kyamara, milimita 36 ne. Ɗigo ke nan a tsakiyar fili. Gilashi mai 400 zai kai shi kusan milimita 5, mai 600 kuwa 7 da 'yan kai. Shi ya sa masu hoton tsuntsu ba su cika kallon abin da ya gaza 400 ba.

Wani magidanci mai ɗaukar hoton biki da suna a Gashuwa, cikin Jihar Yobe, bai san wannan lissafi ba sai ranar da aka ɗauke shi haya ya raka 'yan makaranta zuwa Dagona. Dagona kuwa wani yanki ne na fadamar Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa kafin su haɗu su nufi Tafkin Cadi. Tun daga ƙarshen damina agwagin daji da tsuntsayen bakin ruwa ke ƙetare Sahara daga Turai su sauka nan, su tarar da 'yan gida irin su ɗinya da kirinjijiya da zalɓe. Darajar wurin ta sa Yarima Filip, mijin Sarauniya Elizabeth ta Ingila, ya ziyarci Dagona a 1989, kuma a shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin fadamun duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Mutumin nan ya ga ruwa ya yi baƙi da tsuntsaye, ya yi ta danna kyamararsa ƙirar Canon mai gilashin da iyakarsa milimita 55. Da ya koma gida ya duba, sai ya ga kamar an watsa barkono a kan farin ƙyalle. Abin ya tsaya masa a rai. Ya soma tara kuɗi, har ya ɗage gyaran rufin shagonsa zuwa wata shekara.

Sa'ad da abin hannunsa ya ɗan yi kauri, ya hau mota zuwa Kano, ya shiga shagon wani dillalin kayan hoto ya faɗa masa buƙatarsa. Dillalin ya nuna masa hoton wani farin gilashi mai kama da turmi, ya ce, "Malam, in dai tsuntsu ne, ga uban tafiyar. Sai dai ban sani ba ko ka zo da takardar gida." Ba'a yake yi, amma akwai gaskiya a ciki. Gilashin nan mai milimita 600 ne, mai lamba f/4. Wannan lamba tana faɗin girman ƙofar da haske ke shiga, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon faɗin ƙofar. A raba 600 gida 4, a sami 150, watau gilashin gaba kaɗai faɗinsa santimita 15 ne, kamar ƙaramin faranti, kuma sai an goge shi ba tare da kuskuren da ido zai iya gani ba. Irinsa sabo, ko na Canon ko na Nikon ko na Sony, ya haura dalar Amurka 12,000. Nauyinsa a yau kilo 3 ne da ɗan ɗori, kuma wannan ma ci gaba ne, domin wanda Canon ta fitar a 1999 ya wuce kilo 5.

Lalle gilashi ne na kirki, babu mai musun haka. Yana aiki da asuba tun gari bai gama wayewa ba, yana kuma narkar da duk abin da ke bayan tsuntsu har ya fito shi kaɗai kamar an zana. Amma shekarun baya-bayan nan sun zo wa talaka da sauƙi. A ƙarshen 2013 kamfanin Tamron ya sanar da gilashi mai zuƙowa daga 150 zuwa 600, a 2014 Sigma ya bi sahu, a 2015 kuma Nikon ta kawo nata mai 200 zuwa 500. Nauyinsu wajen kilo 2 ne, kuɗinsu kuwa kamar ushirin na wancan turmin. Abin da mai saye ya rasa shi ne haske: a 600 ƙofar ta Tamron da ta Sigma f/6.3 ce, wadda ke shigar da ƙasa da rabin hasken f/4. A Ingila ko Jamus, inda rana ke rowar fitowa rabin shekara, wannan rashi ne babba. A Gashuwa kuwa, inda rana ba ta san rowa ba, rashin bai taka kara ya karya ba.

Sai dai akwai abin da dillalin bai faɗa ba, wataƙila don bai taɓa tsayawa bakin fadama ba, kuma littattafan Turawa ma ba su cika damuwa da shi ba. Lokacin da baƙin tsuntsaye ke cika fadamar Nguru, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne kuma lokacin hunturu. Iska na ɗauko ƙura daga hamada ta shimfiɗa hazo a sararin Arewa, wata rana har jirgin sama ya kasa sauka a Kano. Gilashi kuwa ba ya zaɓen abin da zai jawo. In ya jawo ɗinyar da ke nesa da mita 80, to, tare da ƙurar mita 80 ya jawo ta. Launi zai dushe, baƙi ya koma ruwan toka, gashin fiffike ya haɗe ya zama abu ɗaya. Da hantsi ya dubi ludayi kuma sai wata matsalar ta shigo. Ƙasa ta ɗau zafi, iskar da ke bisanta ta soma rawa, irin rawar nan da ke haifar da kawalwalniya a kan kwalta. Ido bai cika lura da ita ba, amma dogon gilashi yana ninka ta kamar yadda yake ninka tsuntsun, hoto ya fito dishi-dishi, mai kyamara ya yi ta zargin kayansa alhali lafiyarsu lau. Babu kuɗin da ke maganin wannan. Gilashin dala 12,000 da na dala 1,000 duk cikin iska ɗaya suke leƙe.

A nan ne lissafin nan na ɗazu yake da wata fuska. Tashi daga gilashi mai 400 zuwa mai 600 yana ƙara girman tsuntsu sau ɗaya da rabi. Matsawa daga mita 15 zuwa mita 10 ma sau ɗaya da rabi yake ƙarawa, ba ragi ba ƙari. Taku shida ko bakwai ke nan, kuma mai takun ya rage kashi ɗaya cikin uku na ƙurar da ke tsakani, abin da mai sayen gilashin bai samu ba.

Mutumin Gashuwa bai sayi kome ba ran nan. Ya dawo da kuɗinsa, ya tafi wajen wani tsohon maharbi da ya daɗe da rataye bindiga, ya gaishe shi ya ce, "Baba, yaya kuke yi ku kusanci ɗinya?" Tsohon ya yi dariya ya ce, "Yaro, ba a zuwa wajen ɗinya. Ana riga ta zuwa inda za ta." Sa'an nan ya koya masa abin da maharba suka sani tun kaka da kakanni: a gane mashaya da makwanci, a isa wurin tun da duhu, a zauna ƙasa rana na bayan mutum, a bar farar riga a gida, kada a miƙe tsaye, kada a nufi tsuntsu kai tsaye, sai dai a ratse kamar mai wata sabga. Maharban ƙasar Hausa sun kai wannan dabara matuƙa da kan burtu, wanda suke ɗaurawa a goshi su duƙa suna gyaɗa shi kamar mai kiwo, har su shiga tsakiyar namun daji ba a farga ba.

Abin sha'awa, waɗanda suka fara hoton tsuntsu a Turai hanyar nan suka bi, domin a zamaninsu babu dogon gilashin kirki. Wasu 'yan'uwa biyu na ƙasar Ingila, Richard da Cherry Kearton, waɗanda a 1895 suka buga littafi kan sheƙunan tsuntsaye cike da hotuna na ainihi, sun sa an ɗinka musu fatar sa a kan katako, mutum ya shige cikinta da kyamara a ajiye shi a makiyaya. Kan burtu ne dai da ya yi ƙiba. Amma kusanta tana da iyaka, musamman a bakin sheƙa. Eric Hosking, shahararren mai hoton tsuntsu na Ingila, ya rasa idonsa na hagu a 1937 sa'ad da wata mujiya da yake aiki kusa da sheƙarta ta kai masa bugu. Tsuntsun ma yana cutuwa: uwar da aka tasa daga kan ƙwai da tsakar rana a ƙasa mai zafi irin wannan, ko hankaka ya riga ta dawowa, ko rana ta gama da ƙwan.

Game da akwatin kyamara, maganar ba ta da tsawo kamar yadda masu talla ke so. Farantin da ke karɓar haske iri-iri ne. Akwai babba, mai girman fim ɗin da, akwai kuma ƙarami, wanda tsakiyar hoton kaɗai yake kamawa, sai tsuntsu ya fi cika fili. A Nikon da Sony ƙaramin yana ninka lissafi sau 1.5, a Canon sau 1.6, saboda haka gilashi mai 400 a kan ƙaramin akwatin Canon yana gani kamar mai 640. Ga mai hoton biki babban faranti ya fi, domin cikin ɗaki da dare yake aiki. Ga mai bin tsuntsu da rana kuwa ƙaramin riba ne, ga shi ya fi araha. Canon 7D Mark II ta 2014 da Nikon D500 ta 2016 irin wannan ne, kowacce tana ɗaukar hoto 10 a sakan guda, kuma sun yi wa masu tsuntsu hidima shekara da shekaru. Wanda ya yi zamanin fim, lokacin da naɗi guda hoto 36 ne kuma sai an wanke a san abin da aka samu, shi ya san girman wannan ni'ima.

Daga 2020 sababbin kyamarori marasa madubi a ciki suka zo da abin mamaki. Canon R5 ta wannan shekara, da Sony A1 ta 2021, suna gane tsuntsu da kansu, su nemo ƙwayar idonsa su kafe saiti a kanta ko da yana tashi. Wannan ba ƙaramin taimako ba ne, gama hoton da idon tsuntsu bai fito tangaran ba ya tashi aiki. Amma suna shan batir fiye da na da, abin da ya kamata wanda wutar garinsu ke zuwa gaisuwa kurum ya sa cikin lissafi. Kuma ko wane irin wayo akwati ke da shi, abin da gilashi ya miƙa masa shi zai rubuta. Akwati yakan tsufa cikin 'yan shekaru, gilashin kirki kuwa uba ya bar wa ɗa. In kuɗi ba su isa duka biyu ba, gilashi ya kamata su bi.

Akwai kuma wata hanya da masu ji da kansu ke rainawa, bai kuwa kamata ba. Ita ce kyamara mai gilashi manne, irin Nikon P900 ta 2015, wadda ke zuƙowa har kwatankwacin milimita 2,000, da ƙanwarta P1000 ta 2018 mai kai 3,000. Sirrinsu shi ne farantinsu ɗan mitsitsi ne, bai fi farcen ƙaramin yatsa ba, saboda haka da haske ya ragu hoto sai ya yi tsakuwa-tsakuwa, kuma tsuntsu mai tashi yakan gagare su. Amma ga ɗalibi ko ma'aikacin gandun daji wanda buƙatarsa ita ce shaida, cewa tsuntsu kaza ya sauka wuri kaza ran kaza, da wuya a sami abin da ya fi su a kuɗinsu.

Da mutumin ya koma Kano karo na biyu, ya riga ya san abin da yake nema. Ya bar akwatinsa na biki yadda yake, tun da mai ƙaramin faranti ne, ya sayi gilashin Canon na hannu mai milimita 400 da f/5.6, ƙirar da aka fara fitarwa tun 1993. Nauyinsa kilo ɗaya da kwata, ana yini da shi a wuya. Ba ya zuƙowa, watau ba ya miƙewa ya koma, don haka ba ya shaƙar ƙura kamar mafitar maƙeri yadda wasu masu zuƙowa ke yi. Aibinsa guda shi ne ba shi da na'urar nan mai kashe rawar hannu, kuma cikin kwalekwale, inda maɗori mai ƙafa uku ba shi da amfani, wannan rashi ne. Maganinsa shi ne a sa ƙiftawar kyamara ta yi sauri, kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan ko fiye, ga mai tashi ma 2,000, kuma hasken yin haka bai taɓa yanke wa Gashuwa ba. A ƙasa kuwa ya ɗinka 'yar jaka ya cika da gero yana ɗora gilashin a kai. Wani zai ce da ya sayi mai 150 zuwa 600 ya huta, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba, musamman ga wanda ke son ya ɗauki garke duka sa'an nan ya zuƙo ɗaya. Zaɓi ne tsakanin nauyi da sauƙin sarrafawa, kowa da ƙarfin wuyansa.

Kafin ya biya ya haska tocila ta cikin gilashin yana duban fumfuna, wadda ke yaɗuwa kamar saƙar gizo-gizo a kayan da suka yi damina a wuri mai laima, kuma in ta ci gilashi ba ta fita. Ya gwada saitin a kan babura masu wucewa a titi. Dole ne a yi haka, domin mai gyaran irin waɗannan kaya sai Kano ko Ikko, wani lokaci ma sai waje.

Wani abu kuma da ba a rubuta a takardar kamfani ba: dogon gilashi daga nesa yana kama da makami, kuma ƙasar nan ta ga abin da ta gani. Mai hankali ba ya fito da shi kusa da shingen jami'an tsaro, ba ya kuma shiga fadamar mutane sai ya gaida dagaci ko bulama, ya nemi izinin ma'aikatan gandun, ya ɗauki ɗan gari ya raka shi. Masunta da makiyaya sun fi kowane littafi sanin inda tsuntsu ke kwana.

Mai karatu na iya tambaya, duk wannan ɗawainiya a kan tsuntsu? To, a tuna da ungulu. Waɗanda suka girma a shekarun 1980 sun san babu mahauta ko kasuwar da ba ta yi musu layi a kan rufi ba, har ba mai ɗaga kai ya dube ta. A 2015 hukumar duniya mai lura da halittu masu ƙarewa ta sa irin ungulun nan ta cikin gari a sahun waɗanda ke bakin halaka, kuma yara da yawa a biranen Arewa yau a karin magana kaɗai suka san ta. Gauraka, wanda ake kira tsuntsun Nijeriya, ya fi sauƙin gani a farfajiyar masu hali bisa ga dajin da aka san shi da shi. Ita kanta fadamar ba yadda take a da ba ce, tun da madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka rage ambaliyar da ke ciyar da ita, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. An ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 900 a Nijeriya, kuma ba a gama saninsu ba: sai a 1998 ne masani Robert Payne ya bayyana wa duniya wani ɗan jan tsuntsu na duwatsun Jos, dangin baiwar Allah, wanda masana ba su san da shi ba. Cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos tana tattara rahoton masu kallo daga sassan ƙasar nan, kuma hoto mai kwanan wata da sunan wuri shaida ce da ba a gardama da ita, ko da wace irin kyamara aka ɗauke shi.

Shi dai mutumin Gashuwa da shamuwa ya fara koyo, sa'ad da ta iso da farkon damina ta yi sheƙa a kan bishiyar bayan masallacin unguwarsu, domin ita ta saba da mutane, ba ta gudu. Daga nan ya koma kan balbela a bayan shanu. Sai da hunturu ya zagayo ya koma Dagona, ya shiga ciyawa tun kafin kiran assalatu na biyu, ya zauna cikin sanyi har ƙafafunsa suka mutu. Wajen ƙarfe bakwai kirinjijiya guda tara suka sauka ƙasa da mita 12 daga inda yake. A hoton ana iya ƙirga ɗigon ruwan da ke bisa farar fuskar ta gaba. Ya wanke shi babba ya rataye a shago tsakanin hotunan angwaye, kuma masu zuwa ɗaukar fasfo sukan tambaye shi ko a wace ƙasa aka ɗauko shi.